Ƙyallen Tela Ko Ledar Fiya Wata: Da Wanne Ya Fi Ki Fara Sana'ar Hannu?

Matar da take son kama wata sana'ar hannu a cikin gida, ba ta da jari, ba ta kuma son cin bashi, abu biyu ne suka fi kusa da ita. Na farko ƙyalle, wato guntayen da ke zuba a gindin keken tela da tsofaffin zannuwan da suka gaji a ƙasan akwati. Na biyu ledar fiya wata da ake sha a yar a tsakar gida. Dukansu kyauta ake samu, ko kusa da kyauta, kuma dukansu ana yin abin amfani da su har a sayar. Sai dai ba ɗaya suke ba. Wadda ta zaɓa da ka za ta iya shafe wata biyu tana wanki tana yanka, ta tashi da abin da ko maƙwabciyarta ba za ta taya ba. Ni dai a ganina, ga mafi yawan mata ƙyalle ya fi. Leda tana da fagen da ta yi zarra, zan kuma nuna shi, amma fagen bai kai faɗin da ake zuzutawa a bidiyoyin waya ba.

Kafin a kai ga su biyun, akwai tambayar da ya kamata a yi wa kowane tsohon abu a gida: idan an bar shi yadda yake, yana da mai saye? In yana da shi, to kada a sa masa almakashi. Robar lemo da ta ruwa ita ce misali mafi kusa. A Facebook da TikTok za ki ga ana yanka ta ana yin fure ko mazubin biro, gwanin sha'awa. Amma a unguwanninmu wannan robar kuɗi ce a tsaye. Mai zoɓo tana nemanta, mai kunun aya tana nemanta, haka mai man gyaɗa da mai manja, ga yara suna bi gida-gida suna tarawa. Ranar da kika yanka ta, kin kashe kuɗin da ke hannu don neman wanda babu tabbas. Haka gwangwanin lemo na alminiyum: 'yan jari bola suna ɗora shi a sikeli su biya, daga nan ya wuce wurin masu zubin tukwane irin na kasuwar Katako a Yamai ko Panteka a Kaduna, a narka shi ya dawo tukunya ko ludayi. Ko gidan nan da aka gina da robobi a Yelwa ta jihar Kaduna a 2011, wanda labarinsa ya zaga duniya, ba yanka robar aka yi ba, yashi aka ɗura mata aka jera a madadin bulo. Ƙyalle da ledar ruwa kuwa ba su da wata daraja a tsaye. Akwai masu sayen leda a kilo don kai wa kamfanonin narka roba, amma rashin nauyinta ya sa sai kin cika buhuna kafin sikeli ya nuna abin kirki. Shi ya sa su biyun ne suka cancanci a zauna a yi musu aiki.

Ta fuskar samu, leda ce a gaba, babu gardama. Jakar fiya wata guda 20 ce a ciki, kowanne rabin lita. Gidan da ake shan jaka 2 a rana yana zubar da leda 40, a wata kuwa 1,200 ke nan, ba a ma sa ta ranar suna ko walima a lissafi ba. Ba sai kin roƙi kowa ba, bokiti ɗaya za ki ajiye a gefe ki ce duk wanda ya sha ya jefa a ciki. Abin da ba zan ba ki shawara ba shi ne tura yara su tsinto a titi ko bakin kwata. Ledar da ta kwana a kwata ba ta da rabo a cikin ɗakinki, komai wankin da za a yi mata.

Ƙyalle yana buƙatar mu'amala da mutane, kuma yana da lokacinsa. Daga shigowar azumi zuwa jajiberin Sallah teloli ba sa ɗaga kai, haka makonnin da ke gaban Babbar Sallah, sai kuma lokacin da bukukuwa suka yi yawa ana ta ɗinkin anko. A irin waɗannan ranaku shagon tela guda yana share abin da zai ishe ki aikin watanni, da yawansu kuma ƙonawa suke yi ko su kai bola. Ki kai masa buhu ki roƙe shi ya riƙa zuba miki. Wasu yanzu sun fara sayar wa masu cusa filo da katifa, don haka kada ki yi mamaki in an ce ki ba da wani abu. Ki nemi tela biyu in da hali: mai ɗinkin mata zai ba ki atamfa da leshi masu launi, mai ɗinkin maza zai ba ki shadda da yadi marasa zane, waɗanda su ne ke zama baki da iyaka su sa aikin ya natsu a ido. Akwai kuma maganar amana wadda bai kamata a tsallake ba. Guntayen da suka faɗo daga almakashi babu mai nemansu, amma ragowar da ta kai rabin yadi haƙƙin mai kaya ce. In tela ya miƙo miki irin wannan, ki tambaye shi ko mai ita ta yafe.

Tsohon zani na gida shi ma ƙyalle ne, amma a duba shi da kyau. Tsakiyarsa, inda ake zama da inda ake ɗaurawa, shi ke fara mutuwa, gefe da gefe kuwa sau da yawa da sauran ƙarfinsu. Ki kama da hannu biyu ki ja. In ya yage ba tare da gardama ba, wannan na cusa filo ne kawai, kada ki ɓata masa zare. Wadda ke Kano tana iya leƙawa wajen 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai, ƙarshen dila da ya ƙi sayuwa saboda yagewa ko tabo ana rabuwa da shi da araha, kuma a ciki ake samun wandunan jins, waɗanda babu kamarsu wajen yin gindin jaka.

Inda hanyarsu ta rabu da gaske shi ne wajen shiri, wato aikin da ake yi kafin a fara aikin. Ƙyallen tela sabo ne, ba wanda ya taɓa sawa. Ki kakkaɓe, ki ware masu kauri daban masu laushi daban, ki goge, ki yanka. Abin da kawai za ki kiyaye shi ne zuba, musamman rinanniyar shadda da jar atamfa mai araha. Ki jiƙa su su kaɗai ki gani, don ƙyalle ɗaya mai zuba yana iya ɓata zanin gadon da kika yi sati uku a kansa.

Leda fa? Kowace guda da baki aka fasa ta, an tsotsa, an bar ɗan ruwa a ciki. In kika tara ta kwana uku a buhu ba ki buɗe ba, warin da za ta yi zai sa ki fasa sana'ar. Dole a farke kowace ɗaya, a wanke ciki da waje da ruwan omo, a ɗauraye, a shanya a inuwa ɗaya bayan ɗaya domin in suka manne da juna ba sa bushewa. Da hunturu iska ta kwashe miki su zuwa gidan maƙwabta, da damina kuma su ƙi bushewa. Sannan wankin nan ruwa yake ci. A unguwar da ake sayen jarka wajen 'yan ga-ruwa, ledar da aka ce kyauta ce ta riga ta fara cin kuɗi tun ba a saƙa komai ba. Masu nuna wannan sana'a a bidiyo daga tarin leda suke tsallakawa zuwa kyakkyawar jaka, kwanakin wanki da shanya ba sa fitowa. Akwai ma wani abu da ya shafi gidajenmu musamman: in kina kiwon awaki ko tumaki a tsakar gida, guntayen ledar da ke zuba lokacin yanka haɗari ne gare su. Dabba tana haɗiye leda, ledar ta taru a tumbi ba ta narkewa, dabbar ta yi ta ramewa har ta mutu ko a yanka ta da asara. Mahauta sun san wannan sarai. Ƙyalle ma ba a so akuya ta ci.

Kayan aiki kuma, na ƙyalle kusan duk suna cikin gidanki: almakashi mai kaifi, allura, zare mai ƙwari, da basilla. Keke yana ƙara sauri amma ba sharaɗi ba ne. Bari in tsaya a kan abu guda da nake ganin shi ya fi dacewa da mai farawa, wato dardumar goge ƙafa ta bakin ƙofa, domin ita ce ke cinye ƙananan guntaye da ba sa ɗinkuwa, kuma kowane ɗaki yana buƙatarta.

Hanya biyu ake bi. Ta farko ita ce ta kitso. Ki yanka ƙyalle ziri-ziri, faɗin inci 2, tsawon kuwa duk yadda ya samu. Ki haɗa ziri uku ki kitsa yadda ake kalaba, in ɗaya ya kusa ƙarewa ki ɗinka masa wani ki ci gaba, amma kada ki bari mahaɗa biyu su faɗo wuri ɗaya, sai wurin ya yi ƙulli. Idan igiyar ta yi tsawo, ki fara naɗe ta daga tsakiya kina ɗinke kowane zagaye da na kusa da shi ta ƙasa, irin ɗinkin faifai. Sirrin yana wajen kwana: in kika ja igiyar da ƙarfi, dardumar za ta tashi ta zama kwando, in kika sake da yawa ta yi tattara. A kan tabarma ko daɓe ake yinta, a shimfiɗe, ba a kan cinya ba. Wannan hanya ba ta buƙatar komai a ƙasa, tana wankuwa, tana bushewa da wuri, ana kuma iya juya ta a taka kowane gefe. Duk matar da ta iya kitso ta riga ta iya rabin aikin.

Hanya ta biyu ita ce ta buhu. Ki samu buhun shinkafa ko na masara mai ƙwari, ki yanka misalin inci 24 a 16, ki kalmashe bakinsa ki ɗinke tun farko don kada ya warware. Sai ki yanka ƙyalle gajeru, inci 1 a inci 4 ko 5, ki riƙa cusa kowanne da basilla ko kwarashi ta tsakanin saƙar buhun ki fito da shi ki ƙulle, layi bayan layi, a matse. Abin da zai fito mai gashi ne, mai laushi a ƙafa, kuma shi ya fi ɗaukar idon mai saye. Amma yana cin ƙyalle da lokaci fiye da na kitso nesa ba kusa ba, yana riƙe ƙurar hunturu, in an wanke shi kuma ya yi nauyi ya daɗe bai bushe ba. Na kitso na ƙofar da ake yawan shiga da fita ne, na buhu na gaban gado ne ko ɗakin amarya. In za ki fara, fara da na kitso.

Bayan darduma akwai sauran abubuwa da yawa. Guntayen da suka yi ƙanƙanta ƙwarai su tafi cikin filo da tum-tum, dama dukawa da tsumma suke cusa tum-tum ɗin fata tun da can. Sharaɗin kawai, in tsofaffin kaya ne a wanke su a baza a rana mai zafi su bushe ƙayau, don kada ki sayar wa mutane kuɗin cizo a cikin matashi. Manyan guntaye masu kusurwa huɗu a haɗa su a yi rigar filo, zanin gado, jakar islamiyya, abin ɗaure gashi, gammo, har kayan 'yartsana. Ga wadda ta samu auduga zalla mai laushi, akwai ƙunzugu mai wankuwa, wanda 'yan mata da yawa ke buƙata yanzu da audugar kanti ta yi tsada.

Akwai gwaji ɗaya da nake so ki riƙe, saboda ya shafi lafiyar wanda zai yi amfani da kayanki. Da yawa daga atamfa mai araha da ke kasuwa yanzu roba-roba ce, ba auduga ba. In za ki ɗinka tsumman sauke tukunya ko wani abin da zai kusanci wuta, ki yanki ɗan ƙyallen ki riƙe da wani abu ki kanga masa ashana a waje. Auduga tana ci da wuta, ta yi ƙauri irin na takarda, ta bar toka mai laushi da ke murjewa. Roba kuwa tana narkewa ta dunƙule ta zama baƙin ƙwallo mai tauri. Irin wannan in ta narke a hannun mai girki manne wa fata take yi. Roba-roba ta tafi darduma, can ma ta fi daɗewa don ba ta ruɓewa da wuri, auduga kuma ta tafi madafa.

Yanzu ga leda. Ana sarrafa ta ta hanya uku, kowace da matsalarta. Akwai saƙa da kwarashi: a yanka ledar zobe-zobe, a sarƙa zoben cikin zobe har ya zama zare. Ledar fiya wata gajera ce, tana da kauri da tauri, don haka zaren duk ƙulli ne, yana cin yatsa, saƙar kuma ba ta gudu. In saƙa kike so, ledar cefane mai hannu ta fi ta, don ta fi laushi ta fi ba da dogon zare, ana kuma samunta launi-launi. Akwai ɗinki a keke: a farke ledar ta zama falle, a jera a ɗinke. Nan dole ki buɗe tazarar ɗinki, domin in huda ta yi kusa da huda, ledar daga layin ɗinkin za ta tsage, kuma ramin allura a leda ba ya rufewa, kuskure ɗaya ya zauna ke nan. Tana kuma zamewa a ƙarƙashin allura, sai an ɗora takarda a kai an ɗinka tare sannan a yage takardar. Hanya ta uku ita ce mannewa da dutsen guga, a jera falle uku ko huɗu tsakanin takardu a danna su zama ɗaya. Irin wannan leda tana narkewa da zafin da bai fi na tafasasshen ruwa da yawa ba, saboda haka sai dutsen lantarki da ake iya rage wa zafi. Dutsen gawayi ba ya saituwa, zai ƙona ta ya tashi hayaƙi. Ko da na lantarkin ne, a waje ake yi ko gaban taga, ba a ɗaki a rufe da jariri a goye ba. Mai zama inda wuta ba ta samuwa ta cire wannan hanya daga lissafinta gaba ɗaya.

To ina leda ta yi zarra? Duk inda ruwa yake. Shimfiɗar bakin banɗaki ko wurin wanke-wanke da aka saƙa da leda ba ta ruɓewa ba ta wari, a watsa mata ruwa a rataye, shi ke nan, alhali ta ƙyalle a irin wannan wuri ba ta wuce damina ɗaya. Jakar sayo nama ko kifi, rufin kejin kaji, mayafin buhunan hatsi ko itacen girki lokacin ruwa, duk leda ta fi. Amma amfanin da ya fi burge ni shi ne wanda ba ya buƙatar saƙa ko ɗinki: renon dashe. Ki yanke saman ledar, ki huda gindinta wuri uku ko huɗu, ki cika da ƙasa da aka gauraya da ruɓaɓɓen taki, ki sa iri. Gwanda, zogale, barkono, tumatir, darbejiya, duk suna tashi a ciki. In aka shuka kafin faɗuwar damina, lokacin da ruwa ya zauna dashen ya isa sayarwa ko dasawa. Zogale dai kada a bar shi ya daɗe, saiwarsa doguwa ce, ledar kuma ƙarama. Nan ba a damu da rubutun jikin ledar ba, ba a buƙatar wanki mai tsanani, yaro ɗan firamare ma zai iya taimakawa. In aka ce in zaɓi abu ɗaya tak da za a yi da ledar fiya wata a gida, wannan zan zaɓa.

Wajen ƙarko, kowanne da abokin gabarsa. Ruwa ba ya yi wa leda komai, amma rana tana cinye ta: wadda ke shan rana kullum takan bushe ta yi fari ta fara karyewa, in kuma ta fara babu gyara. Ƙyalle yana koɗewa, yana ruɓewa in ya zauna a jiƙe, amma yana karɓar faci. Dardumar kitso in zagaye ɗaya ya kwance, allura da zare ne, ta koma aiki.

Sai babbar magana, wato mai saye. Nan ne nake ganin mata da yawa ke yaudaruwa. Jakar da aka yi da ledar fiya wata tana ɗauke da shaidar asalinta, ga sunan kamfani ga lambar NAFDAC a jiki. Matar unguwa in ta gani za ta yaba hikimar, ta juya ta, ta ce kai, sannu da ƙoƙari, amma in aka zo ciniki da jakar bakko ta kasuwa za ta gwada ta, wadda ake samu da ɗan kuɗi kaɗan. Masu biyan kuɗin kirki a kan kayan leda akwai su, amma a wuraren baje koli suke, da ƙungiyoyin kare muhalli, da baƙi a manyan birane irin Abuja. In kina da hanyar kaiwa gare su, ko kina cikin wata ƙungiyar mata da ke da mai karɓar kayan a dunƙule, to lissafin ya canza, leda za ta iya biyan wahalarta. In kuwa kasuwarki ita ce maƙwabta da 'yan islamiyya da waɗanda ke ganin hotunanki a WhatsApp, ƙyalle za su saya. Atamfa ko guntuwa ce ado ce a idonmu. Ba wanda zai kalli rigar filo ta atamfa da bakin shadda ya tuna da bola. Ga kuma jeren amarya, kasuwar da ba ta yankewa: darduma biyu ko uku, filon kujera, abin sauke tukunya, duk ana so su dace da launin labule. Har ma za ki iya cewa mai biki ta kawo ragowar ankonta ki yi mata da shi, kin huta neman ƙyalle, ita kuma ta samu abin da ba kowa ke da irinsa ba.

Duk wanda kika ɗauka, ki riƙa lura da awannin da kowane abu ya ci, har da na wanki da yanka, sannan ki gwada da abin da za ki samu in da kitso kika yi wa mutane ko ɗinkin hula a wannan lokacin. Mata da yawa suna sa kuɗin zare kawai su manta da bayansu da idonsu, don suna ganin ai kayan kyauta ne. Kayan ne kyauta, zaman ba kyauta ba ne. Kuma ki tsaftace aikin, ki datse zaren da ya leƙo, ki goge kafin ki nuna. Mai saye tana yafe wa kayan kanti karkacewa, ba ta yafe wa na gida.

Za a ce ina tsohuwar taya da gwangwanin madara? Taya ma ana sarrafa ta, amma ba aikin tsakar ɗaki ba ne. Tayar mota da waya a cikinta, yankanta sai wuƙa mai kaifi da ƙarfin hannu, shi ya sa ta fi dacewa da samari. Wanda zai gwada ya fara da tayar babur ko ta adaidaita sahu daga wurin mai faci, ta fi sauƙin sarrafawa. Ana yin mazubin ruwan kaji, tukunyar fure, lilon yara, da kujerar da aka naɗe da igiya, tiyub kuma dama shi ne gugan rijiya da robar ɗaure kaya. Duk tayar da za ta zauna a waje a huda ta yadda ruwan sama ba zai kwanta a ciki ba, in ba haka ba kin buɗe wa sauro gidan haihuwa a ƙofar ɗakinki. Kada kuma a ƙona ta don cire waya, hayaƙinta guba ne. Gwangwanin madara da na tumatir kuwa na wasa ne da ƙananan buƙatu, asusun yara, fitilar aci-balbal, motar gwangwani. Babu kasuwar da za a dogara da ita a nan, ga kaifin baki ga tsatsa. A daddake bakin da guduma kafin a ba yaro, in kuma ya yanke shi a wanke a kai shi asibiti a duba maganar allurar tetanus. Galan ko kwalbar da aka taɓa zuba maganin feshi ko fiya-fiya a ciki ba ta shiga wannan sana'a ko kaɗan, ko an wanke ta sau nawa.

Saboda haka, in ba ki da keke, wuta ba ta zama a unguwarku, ruwa saye kuke yi, kuma maƙwabta ne kasuwarki, ɗauki ƙyalle ki fara da dardumar kitso. In kina da keke kin kuma iya miƙe ɗinki, har yanzu ƙyalle, amma ki wuce zuwa rigar filo da jakunkuna, sun fi saurin fita. In kuna da rijiya ko famfo a gida, da ɗan fili da rana ke sauka, babu dabbobi a sake, ki tara leda don renon dashe, ki kuma saƙa shimfiɗar banɗaki ɗaya ko biyu don amfanin gida kafin ki yi tunanin sayarwa. Saƙar jakar leda a matsayin sana'a kuwa, ki bari sai kin san wanda zai karɓa tukuna.

Ga mai keke akwai wurin da su biyun ke haɗuwa, kuma nan ledar ke biyan wankinta: jakar makaranta ta damina. Waje atamfa, gindi da maratayi na jins ko shadda ninki biyu, tsakiya kuma falle-fallen ledar fiya wata da aka wanke aka jera bakin ɗaya a kan na ɗaya, na sama yana rufe na ƙasa yadda ruwa zai gangara, sannan a rufe da shafi na yadi mara nauyi ta ciki. Ledar ba ta ganuwa, rana ba ta taɓa ta, littattafan yaro kuma ba sa jiƙewa in ruwa ya tare shi a hanya. Ki buɗe tazarar ɗinki a duk inda allura za ta ratsa leda, ki yi wa jakar marfi mai saukowa ya rufe baki maimakon zif, ki kuma gaya wa uwar yaron cewa da soso ake goge ta, ba a dirza ta a ruwan zafi, ba a kuma ɗora mata dutsen guga.